Bayan Ruwa Ya Janye: Gayya a Ƙauyukan Ƙasar Haɗejiya

Ku dubi bangon nan da kyau. Kun ga shatar da ta kai ƙirjin mutum? Nan ruwa ya tsaya.

A damunar 2022 kogin Haɗejiya ya cika ya batse, ya afka wa ƙauyukan Auyo, Kafin Hausa da Guri. Daga Kano ruwan yake gangarowa, ta madatsun Tiga da Challawa. In ya iso nan sai ya tarar ciyawar kachala ta toshe masa hanya, ya fantsama cikin gari. Jama'a suka kwashi yara da 'yan komatsai suka fake a makarantun firamare.

A sansani ana kai buhunan abinci da tabarmi. Amma ranar komawa gida, masu rakiya kaɗan ne, alhali a ranar ce magidanci zai tsaya gaban rumbunsa da ya zube, geron ciki ya yi tsiro ko ya ruɓe.

To, a nan 'yan sa-kai suke shigowa, yawancinsu samarin ƙauyukan tudu da ruwa bai taɓa ba. Ba da gini suke farawa ba, da rijiya suke farawa. Ambaliya ta cika masai ta juye ƙazanta cikin ruwan sha, kuma daga nan amai da gudawa ke ɓarkewa. Sai an yashe rijiyar, an kwashe laka, an zuba kulorin, kafin a bar yaro ya sha.

Sannan gini. Wasu na cuɗa ƙasa, wasu na buga tubali, mata na kawo ruwa da kunu. Ɗakin tsohuwa da na marayu ake fara tayarwa, kuma wallahi haka ya dace, don su ne ba su da mai yi musu.

Akwai aikin da samari ba za su iya ba. Ruwa ya share iyakar gonaki, sai bulama, wato shugaban ƙauye, da dattawa sun taka da ƙafa sun nuna wa kowa tasa, kafin maƙwabta su sami saɓani.

Mai taimako daga birni, don Allah ka haɗa da iri. Damuna ta riga ta tafi, noman rani ya rage: shinkafa, alkama, tattasai. Injin ban ruwa ɗaya na aro yana iya zagaya gidaje da dama.

Da an girbe na rani, gayya ta gaba a bakin kogi take: a sare kachala, a cika buhuna da yashi, a ɗaga jinga tun ruwan Agusta bai iso ba.