Mun Gwada Star Trek a Kan Tabarma

Yaya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau tare muke da Kawu, wanda ya zaunar da ni da Auta muka buga wasan Star Trek Adventures. Kawu, sannu da zuwa.

Kawu: Yawwa, sannunku dai.

Auta: Kawu, fara da bayani. Abokaina sun ɗauka wani sabon ludo ne.

Kawu: Ina! Babu allo, babu kwamfuta. Takarda ce da fensir da dayis, sauran aikin na baki ne. Kowa zai zama ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin sararin samaniya, ni kuma ina jan labarin, ina faɗa muku abin da kuka tarar. Kamfanin Modiphius na Landan ne ya fitar da shi a 2017, bugu na biyu ya fito a 2024. Tushensa Star Trek, shirin talabijin ɗin nan na Amurka da aka fara nunawa a 1966.

Yaya: Ni dayis ɗin ne ya fara ɗaure min kai. Fuska 20 gare shi, kuma wai ƙaramar lamba ake nema.

Kawu: Haka ne. Za ki haɗa lambar halinki da ta fannin aikinki da ke rubuce a takardarki, a ce sun ba da 14, sai ki jefa dayis biyu. Duk wanda ya faɗo a 14 ko ƙasa, kin ci. Idan 20 ta fito, to tsautsayi ya gifta.

Auta: Ni kuwa waken nan na tsakiyar tabarma ne ya burge ni.

Kawu: Wato rarar nasara. In ka ci fiye da yadda ake buƙata, sai a jefa ragowar a asusun kowa da kowa, amma ba ya wuce 6. Wani in ya shiga tsaka mai wuya, sai ya ɗiba ya sayi ƙarin dayis. In asusu ya bushe kuma, ka ci bashi a wurina.

Yaya: Bashin da Kawu ke tarawa da ƙwallon dabino a gabansa, muna ji muna gani! Ga wanda ya tara masa su nan zaune.

Auta: Kyaftin ai ba ya tsoro, Yaya.

Yaya: Ku ji fa. Shi aka naɗa kyaftin, ni likita. Yaron da nake aika sayen kati, wai sai na ce masa ranka ya daɗe.

Auta: Kuma kin faɗa.

Yaya: Na faɗa, sai da muka isa duniyar nan da annoba ta ɓarke. Maganin yana hannuna, amma babbar dokar Starfleet, rundunar da muke wa aiki a wasan, ta hana tsoma baki a lamarin al'ummar da ba ta kai ga ƙera jirgi mai wuce gudun haske ba. Auta ya kafe a kan doka, ni na ce ba zan tsaya kallon yara na mutuwa ba. Muka yi ta musu har shayi ya huce, ba wanda ya taɓa dayis.

Kawu: Nan ne daɗin wasan yake. A takardarki kin rubuta aƙidarki: ba kya barin mara lafiya. Da ta jefa ki cikin rigima na ba ki maki na musamman, wanda za ki iya sake jefa dayis da shi.

Auta: Amma Kawu, tsakani da Allah, yaƙin jirage ya ja lokaci. Kana ta buɗe littafi, ni har na fara duba waya.

Kawu: Ban musa ba. Littafin da kauri, ga Turanci. Wanda zai fara, ya bar yaƙin jirage tukuna.

Yaya: Wanda bai taɓa kallon shirin ba fa?

Kawu: Mai jan labari dai ya kalla. Sauran su koya a zaune.

Yaya: To, zama na gaba kujerar kyaftin tawa ce.

Auta: Sai kin fara bayyana a gaban kwamitin ladabtarwa. Dokar da kika karya tana nan a rubuce.

Kawu: Ni ne alƙali kuwa. Ku zo min da dabino.