Jawabin Sakatariyar Ƙungiya a Taron Wata, Greensboro: Maganar Lasisin Kitso

Kuɗin zauren nan an biya, rahoton asusu yana kan tebur, mai so ya duba. Mutum goma sha ɗaya ba su kawo kuɗin wata ba, sun san kansu. Ba wannan ya hana ni barci ba.

Makon jiya sufeton hukumar jiha mai kula da shagunan gyaran gashi ya shiga shago ya tarar da 'yar uwarmu da kan wata mata a hannunta, an yi rabin kitso, ya ce ta nuna lasisi. Babu. An rubuta mata tara, mai shagon ma ta sha tata, yau 'yar uwar tamu tana zaune a gida da 'ya'ya uku. Wannan baiwar Allah tun tana 'yar shekara goma take kitso a Maradi, a zaure, yarinya a tsakanin gwiwoyinta, kibiya a bayan kunne. Shuku, doka, kalaba, wa zai koya mata? Amma a jihar nan ta North Carolina hannu ba ya zama shaida, takarda ake tambaya.

Iyaye mata, ku saurara da kyau. A North Carolina, mai son kitso kaɗai tana buƙatar awa 300 a makarantar da hukumar jihar ta amince da ita. Gyaran farce awa 300, gyaran fata awa 600. Cikakken lasisi, wanda ya haɗa yankan gashi, rini, man miƙar da gashi, fuska da farce, awa 1,500 ne. Awa ake ƙirgawa, ana buga kati shiga da fita. Ranar da kika tafi suna ko biki, ba wanda zai rubuta miki ita, sai kin rama.

Kwalejin al'umma ta GTCC tana nan Jamestown, kusa da mu, tana koyar da cikakken kwas ɗin. Wadda ta cika wata 12 a jihar kuma aka tabbatar da zamanta tana biyan dala 76 kan kowane kiredit, wato ma'aunin da ake ƙirga darussa da shi. Wadda ba a tabbatar ba, dala 268. Kun ga inda ake faɗuwa: a yi rajista a gaggauce, ba a kai shaidar haya da ta haraji ba, a biya ninki uku da ɗoriya. A cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, da wuri, masu katin zama na dindindin suna iya samun tallafin Pell, wanda ba bashi ba ne. Takardar BAC ta gida, wato ta kammala sakandare, sai an fassara an tantance ta. Wadda Turanci ya yi wa nauyi ta fara da ajin Turanci na manya, kyauta ne. A ware kuɗin akwatin kayan aiki daban: almakashi, na'urar busar da gashi, kan roba na gwaji.

Jarrabawa biyu ce, ta rubutu da ta aiki. Matanmu ba sa jin tsoron ta aiki, amma a nan tsafta take kayar da gwanaye. Mataji ya faɗi ƙasa ka ɗauka ka ci gaba, maki ya tafi. Kwalba ba ta da suna a jiki, maki ya tafi. Kayan aiki sai an wanke da sabulu, a nutsar da su cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta iya mintin da aka rubuta a jikin kwalbar. Za a tambaye ki me ya sa ake gwada rini a bayan kunne kafin a shafa, me man miƙar da gashi yake yi wa fatar kai idan ya wuce lokaci, me ya sa kitso mai tsauri yake cinye gashin goshi. Ilimi ne, wallahi, har baƙin lallen da yake ƙona hannun amarenmu yana ciki.

Yanzu ku dawo kan 'yar uwarmu. Awa 300 da jarrabawa kawai ke tsakaninta da sana'arta. Da kuɗin wata ya shigo, da daren nan mun biya mata rajista. Alhazai, ku da kuke tuƙi dare da rana, na san ana wahala, amma a gida da wa zai bar maƙwabciyarsa haka? Ina neman mata biyu da za su riƙe mata yara ranakun makaranta, da mai mota ɗaya. Ma'aji yana bakin ƙofa da littafi. Hajiya, ke ce babba, fara ɗaga hannu.