Sitefa ko Sarbo? Hirar Masu Sassaƙar Ƙarfe Daga Gusau

Nasiru: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Gusau. Yau maganar tsohon injin milin ce, irin mai sassaƙa ƙarfe da ake juya hannayensa, idan mutum yana son ya mai da shi na kwamfuta. Wane moto zai sa masa, sitefa ko sarbo? Baba Garba, ku ne manya, ku fara.

Baba Garba: Ni dai sitefa. Yana tafiya ne taki-taki, taki 200 a zagaye ɗaya, kowane taki digiri 1.8. Ka haɗa shi da sukurun da ke tura teburin injin, mai tafiyar milimita 5 a zagaye, taki guda ya ba ka milimita 0.025. Me kake nema bayan wannan, kai da ke gyaran kayan injin casar shinkafa da na tarakta? Ga araha. Wayoyinsa huɗu, yaron shago ma ya haɗa.

Hadiza: Baba, ban ƙi ta taku ba, amma ku faɗa musu aibinsa. Sitefa ba ya kawo rahoto. Kwamfuta ta ce masa ya yi taki dubu, wuƙa ta cije a ƙarfe, ya yi ɗari tara da wani abu, ita kuwa ta ɗauka an cika. Daga nan duk ramin da za a huda ya goce, kuma ba za ka sani ba sai ka sauke aikin ka auna. Sarbo yana da enkoda a bayansa, yana ƙirga inda yake. Idan ya kasa kaiwa, direbansa, wato akwatin lantarkin da ke sarrafa moton, zai tsai da injin ya nuna alama.

Nasiru: To ƙarfi fa, Injiniya? Na ga a takarda ƙarfin murɗawar sitefa mai girman NEMA 34 ya kai niyuton-mita 8 har 12, sarbo mai wat 750 kuwa 2.4 kacal.

Hadiza: Nan ne mutane ke ruɗewa. Wancan ƙarfin sitefa ne yana tsaye cik. Da ya ɗauki gudu sai ya riƙa zubewa. Sarbo yana riƙe nasa har zagaye 3000 a minti, kuma na ɗan lokaci yana iya ninka shi wajen uku. Sa masa bel da fuli uku-da-ɗaya, ka samu sama da 7, ga sauran gudu.

Baba Garba: Gudun zuwa ina, 'yata? Zagaye 3000 a kan sukurun nan mita 15 ke nan a minti. Teburin tsohon inji da ya shekara talatin yana goga ƙarfe da ƙarfe, ai sai ya zubar maka da haƙora. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yaro ya zuba kuɗi a moto ya bar tsohon sukuru. Ka ɗora agogon awo a tebur, ka juya hannu gaba, ka dawo baya. Za ka ga hannu ya motsa allura tana nan ba ta ko girgiza ba. Wannan wasan, enkodar da ke jikin moto ba ta ganinsa. Da'ira za ka yanka ta fito da kusurwa.

Hadiza: Wannan kam gaskiya ce, ba ni da ja. A fara da sukuru mai boris, wanda ke tafiya a kan ƙananan ƙwallayen ƙarfe, wasansa kaɗan ne ƙwarai.

Baba Garba: In kuma an sa shi, a kula da kan injin. Mai boris ba ya riƙe nauyi da kansa. Aka ɗauke wuta, kan na iya sulalowa ya dira a kan aikin. Moton sama da ƙasa a sayo mai birki.

Nasiru: Tun da an taɓo wuta, mu da rabin aikinmu a kan janareta yake?

Hadiza: Dukansu biyu direba ne ke fara ƙonewa, saboda haka sitabilaiza da wayar ƙasa wajibi ne. Bambancin shi ne sitefa yana shan wuta ko yana tsaye, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, sai ka kasa ɗora masa hannu. Sarbo gwargwadon aiki yake sha. Ga mai sola, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Baba Garba: Ranar da ya lalace fa? Direban sitefa, irin su DM860, ka samu wani ka maye gurbinsa. Na sarbo yawanci sai ɗan gidansu, ka zauna jiran saƙo daga Legas ko Sin, masu aiki na zarya a ƙofar shago. Ga saitinsa, in ba ka iya ba ya yi ta kuka yana rawa.

Hadiza: Shi ya sa ga ƙaramin shago nake cewa a ɗauki sitefa mai enkoda. Kuɗinsa tsaka-tsaki, haɗinsa kusan irin wanda Baba ya saba, manhajojin sarrafa inji irin su Mach3 da LinuxCNC duk suna tuƙa shi, kuma in ya ɓata taki zai faɗa. Sarbo sai mai babban inji da ke fitar da kaya iri ɗaya daga safe har dare.

Nasiru: Baba, kun yarda?

Baba Garba: Na yarda da rabi. Wayar enkodar nan, a sa mata rufi mai kyau, don ɓarɓashin ƙarfe da ƙurar hunturu ba su barin komai.