Bulon da ke shawagi a gidan Borley: wa ya jefa shi?

Jama'a, ga hoton nan da kuke ta turo mana. Bulo ne a tsaye cikin iska, babu hannun da ya riƙe shi. Wai fatalwa ce ta ɗaga shi. To, ku biyo ni.

Gidan yana ƙauyen Borley ne, a yankin Essex na Ingila. Wani limamin coci, Henry Bull, shi ya gina shi a 1862. A 1900 'ya'yansa mata huɗu suka ce sun ga fatalwar wata sistar coci tana yawo a lambu da magariba. A 1929 jaridar Daily Mirror ta yayata labarin, sai ga Harry Price, mai farautar fatalwa. Aka shiga ruwan duwatsu, ƙararrawa na kaɗa kanta, daga baya har da rubutu a bango. A Fabrairun 1939 gobara ta cinye gidan, ya zama kango.

Mu dawo kan hoton, don a nan ake yin tuntuɓe. Mai ɗaukar hoto na mujallar Life ne ya ɗauke shi a 1944. Me ake yi a wurin a lokacin? Rusau! Leburori na ciki suna ɓalle bulo suna wurgowa. Ita kuwa kyamara, ƙiftawar ido take kamawa. Duk abin da aka cilla, in ta tsare shi a tsakiyar hanya, sai ka gan shi kamar an rataye. Wanda ya taɓa tsayawa inda magina ke cilla wa juna bulo ya san haka. Ku sake kallo da kyau. Ba haɗa hoton aka yi ba, na gaske ne. Leburan ne kawai bai fito a ciki ba.

Abin da ke ci min rai shi ne, Price yana wurin ranar. Amma ya sa hoton a littafinsa na 1946, yana nuna cewa mai yiwuwa aikin fatalwa ne. Wallahi wannan bai kyauta wa masu karatunsa ba.

Ya mutu a 1948. A 1956 masu bincike uku daga ƙungiyar binciken irin waɗannan al'amura ta Landan suka bi takardunsa, suka ce wasu abubuwan da hannunsa ya ƙirƙire su.

Kangon kuwa, a 1944 ɗin aka share shi. Amma cocin ƙauyen da ke tsallaken titi tana nan har yau.