Abin da ke riƙe da ƙwayoyin jikinmu

Assalamu alaikum. 'Yan baya, kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓo yau.

Na farko, ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka zama jikinmu ba a tsube suke ba. Kamar ginin ƙasa ne irin namu na nan Ringim: tubali ba ya tsayawa sai da kwaɓi. Ƙwayoyin da kansu suke fitar da kwaɓin, kuma babban zaren da ke cikinsa shi ne kolajin, furotin ɗin da ya fi kowanne yawa a jikin mutum, kusan kashi 30 cikin 100 na duk furotin ɗin jiki.

Kun san shi, wallahi kun san shi. Iyayenmu mata, idan farfesun ƙafar saniya ya kwana, ba kwa ganin romon ya daskare yana rawa a tukunya? In ma yara sun bari ya kwana ke nan. (dariya) To kolajin ne ya narke. Fatar da majema suke jemewa, dukawa su ɗinka takalmi, kolajin ce. Ƙashi ma kolajin ne da sinadarin kalshiyam ya hau kansa. Na biyu, zaren nan ba ya yin ƙwari sai da bitamin C. Ku riƙe wannan, sai da bitamin C. In babu, dasashi ya riƙa zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi, tsohon tabo ya sake buɗewa. A 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya ba matuƙan jirgi masu wannan ciwo lemo, suka murmure. Mu kuwa ga gwaba, ga zogale, ga 'ya'yan kuka. Abin da ke damuna shi ne yadda muke barin ganye a wuta har ya yi lugub, alhali zafi yana lalata bitamin ɗin.

Na uku, a gurguje, maɗaurai tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Wasu suna toshe tsakanin ƙwayoyin hanji kada komai ya zurara ta gefe. Wasu suna riƙe fata. Wasu kuma 'yan kafofi ne da saƙon lantarki ke bi a zuciya, har ta buga lokaci guda.

Na'am, Baba? Baba yana tambaya, wai in ya ci ganda, kolajin ɗin zai tafi gwiwarsa kai tsaye? A'a, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ciki yana farfasa shi tukuna kamar kowane nama, sannan jiki ya saƙa nasa. Ku ci gandarku, amma ku haɗa da gwaba.