Yadda ake gano asalin zinaren Witwatersrand

A shekarar 1886 aka gano zinare a wata gona da ke inda birnin Johannesburg yake a yau, kuma tun daga lokacin an haƙo fiye da tan 40,000 a wannan yanki na Afirka ta Kudu da ake kira Witwatersrand. Zinaren yana kwance ne cikin siraran shimfiɗu na tsakuwa da rairayi waɗanda suka manne suka zama dutse, wasunsu ma kaurinsu bai kai mita ɗaya ba, amma mahaƙa suna bin su har zurfin kusan kilomita 4.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan yadda zinaren ya shiga wurin. Wasu sun ce tsofaffin koguna ne suka kwaso shi daga duwatsun da suka zaizaye, suka zube shi tare da tsakuwa. Wasu kuma sun ce tsakuwar ce ta fara kwanciya, daga baya ruwan zafi mai ɗauke da narkakken zinare ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya ratsa ta. Duban ido bai raba gardamar ba, domin akwai ƙwayoyin da suka baje suka lanƙwashe irin na zinaren kogi, akwai kuma masu kaifin baki waɗanda da gani a wurin suka ƙullu.

A nan ne ilimin sinadaran duwatsu ya shigo. A cikin zinare akwai ɗan ɓurɓushin wani ƙarfe mai suna riniyam, wanda wani nau'insa yake rikiɗewa sannu a hankali ya koma osmiyam, kuma sai ya shafe kimanin shekara biliyan 42 kafin rabinsa ya rikiɗe. Tun da an san saurin wannan rikiɗa, idan aka auna yawan kowannensu a cikin ƙwayar zinare, ana iya lissafa lokacin da ta samu. Aikin yana da wuya ƙwarai, saboda abin da ake aunawa bai taka kara ya karya ba, kuma ƙura kaɗan tana iya ɓata sakamakon.

A shekarar 2002 masu bincike daga Jami'ar Arizona ta Amurka da abokan aikinsu suka auna zinaren ɗaya daga cikin shimfiɗun nan mai suna Vaal, suka samu kimanin shekara biliyan 3. Ita kuwa tsakuwar da ke riƙe da shi ba ta kai shekara biliyan 2.9 da kwanciya ba. Ke nan zinaren ya girmi dutsen da yake ciki, abin da ba zai yiwu ba da a ce ruwan zafi ne ya kawo shi daga baya. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ko da yake ba ta rufe bakin kowa ba. Ra'ayin da ya fi rinjaye yanzu shi ne koguna suka kawo zinaren, sannan zafi da matsi suka narkar da wani sashe nasa, ya ɗan gusa ya sake ƙulluwa.

Zinaren Anka da Maru a Zamfara, da na Birnin Gwari a Kaduna, tarihinsa daban ne. Yana cikin jijiyoyin farin dutse da suka cike tsagogin ƙasa lokacin wani babban motsin duwatsu, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Irin wannan dutse yakan kulle ɗigon ruwan da ya haifar da shi, sai a ɗumama shi ƙarƙashin madubin ƙara girma har 'yar kumfar da ke cikin ɗigon ta ɓace, daga nan a gane zafin da ruwan yake da shi. Ruwan nan yakan zo da wasu ƙarafa, kuma a yankin Anka ya zo da dalma mai yawa, wadda ƙurarta ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, lokacin da ake niƙa dutsen a cikin gidaje.