Farfesa Lambo da ƙauyen Aro: inda aka gutsure labarin

[Allon waya, saƙo yana wucewa daga wannan rukuni zuwa wancan]

Assalamu alaikum jama'a. Kwanan nan wani saƙo yana ta yawo a wayoyinmu, daga Agege har Alaba Rago. Wai likitan ƙwaƙwalwa na farko a Najeriya ya gano asibiti ba ya maganin taɓin hankali, shi ya sa ya kwashe marasa lafiyarsa ya miƙa wa bokaye. Wasu har suna ƙarawa da cewa, to me za a je yi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba?

An yi likitan, kuma ya yi aiki da masu maganin gargajiya. Tsakiyar labarin ce aka cire.

[Tsohon hoton Lambo, taswirar Abeokuta, ginin jami'a a Ingila]

Sunansa Thomas Adeoye Lambo. An haife shi a Abeokuta a 1923. Ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham da ke Ingila, ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley na Landan, ya dawo gida a 1954 aka ba shi asibitin ƙwaƙwalwa na Aro da ke Abeokuta. Abeokuta nan ce kusa da mu, jirgin ƙasan da ke tashi daga Ebute Metta zuwa Ibadan yana tsayawa a can.

[Ƙofar asibitin Yaba, motoci na wucewa]

Ku kalli ƙofar nan. Tun 1907 Turawan mulkin mallaka suka buɗe wurin, kuma a wancan zamani tsarewa ta fi magani yawa. A kulle mutum, a raba shi da jama'a, shi ke nan. Tsoron da ake yi wa irin waɗannan wurare har yau daga nan ya samo tushe. Wannan tsoron Lambo ya tarar, ga shi kuma ginin Aro bai ma kammala ba.

To ga wurin da nake so mu natsu. Hotunan lokacin kaɗan ne, don haka ku ba ni kunnuwanku.

[Zanen hannu: gidajen ƙauye a gefe, asibiti a gefe, hanya a tsakani]

Lambo ya je wajen dattawan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, ya nemi su ba marasa lafiya hayar ɗakuna. Da sharaɗi ɗaya: ba a karɓar mara lafiya shi kaɗai. Dole wani nasa ya biyo shi, uwa, ko yaya, ko gwaggo, ta zauna da shi, ta dafa masa abincin da ya saba ci, ta wanke masa tufafi. Da safe ta rako shi asibiti. Can likita zai duba shi, a ba shi ƙwaya ko allura, a zauna a yi magana da shi, a koya masa aikin hannu. Da yamma su koma ƙauye, ya zauna a ƙofar gida cikin mutane, ya ji hira, ya shiga kasuwa. Ga ma'aikatan jinya a cikin ƙauyen suna sa ido dare da rana.

Kun ji inda maganin yake? Kullum sai an je asibiti. A shekarun nan ne ma sababbin magungunan ciwon hauka suka fito, irin chlorpromazine da aka fara amfani da shi a Faransa a 1952.

To masu maganin gargajiya fa? Lambo ya lura cewa mutumin da ya yarda sammu aka yi masa ba zai saki jiki da likita mai farar riga ba, amma zai buɗe cikinsa ga wanda ya san wannan harshen. Sai ya zaɓi wasu daga cikinsu ya jawo su jiki. Suna zama da majiyyaci da danginsa, su kwantar musu da hankali, su taimaka a fahimci abin da ke cin ran mutum. Amma gano cutar, da yawan maganin da za a sha, da ranar sallama, duk a hannun likita suke.

A ganina wannan ita ce basirar mutumin. Bai raina imanin mutane ba, kuma bai bari a yi wasa da lafiyarsu ba. Mai hawan jini yana shan ƙwayarsa, yana kuma roƙon Allah sauƙi, ba wanda ya ce ya zaɓi ɗaya. Haka ya kamata mu ɗauki ciwon ƙwaƙwalwa. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, amma a kai mutum gaban likita.

[Hotuna da sauri: taro, jami'a, tutocin ƙasashe]

Sauran rayuwarsa, a gurguje. A 1961 ya tara likitocin ƙwaƙwalwa a Abeokuta, taro na farko irinsa a Afirka. Ya zama farfesa a Jami'ar Ibadan, ya shugabanci tsangayar likitanci, ya zama shugaban jami'ar daga 1968 zuwa 1971. Daga nan sai Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ya riƙe muƙamin mataimakin babban darakta daga 1973 har 1988. Ya rasu a 2004. Likitocin da ya koyar su ma sun koyar da wasu.

[Kasuwar Mile 12 da sassafe, 'yan dako, buhunan albasa]

Mu dawo Legas. Da yawa daga cikin matasanmu ci-rani suka zo, ba uwa a kusa, ba yaya. Yaro ya daina barci, ya fara magana shi kaɗai, sai a ce iskoki ne ko ƙwaya ce, a haɗa kuɗi a sa shi a tirela zuwa gida. Wani a can mari za a sa masa. Ba mu manta da ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka ceto daga wani gidan mari a Kaduna a 2019 ba, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Wallahi abin yana ci mini rai.

Likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kacal a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, amma mu da ke Legas suna kusa da mu: akwai asibitin Yaba, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Idi-Araba, unguwar da 'yan uwanmu suka cika. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba majiyyaci haƙƙinsa.

Idan za ku kai mutum, kada ku ajiye shi a ƙofa ku juya. Wanda ya fi saninsa ya shiga tare da shi, ya faɗa wa likita yaushe abin ya fara, yaya barcinsa da cinsa, ko yana shan wani abu. Ku tafi da duk maganin da aka riga aka ba shi, har na gargajiya. In Turanci ko Yarbanci zai yi wuya, ku nemi mai fassara daga wajen Sarkin Hausawan unguwarku kafin ku kama hanya.